Inna Hadidja Mai Tambayar Hadari

Kafin masu shaguna a kasuwar Mont-Bouët ta Libreville su ɗaga ƙofofinsu, Inna Hadidja ta riga ta hura gawayi. Wurinta yana bakin hanyar da taksi ke juyawa, ba rumfa, ba inuwa, sai benci ɗaya mai rawar ƙafa. Tukunyar wake a hagu, kaskon fanke a gaba, robar ƙullu a rufe da zane. Wayarta, wadda gilashinta ya tsage tun bara, tana jingine da galan ɗin mai. Da hannu ɗaya take yanko ƙullu tana jefawa a kasko, ta goge ɗaya hannun a zane, ta danna waya ta fara aika vokal, wato saƙon murya. Ba a gurup take aikawa ba. Kowa da nasa, kowa da sunansa. Wanda ya saurara zai ji mai yana ƙara a bayan muryarta, ya ji wani direba yana cewa a ƙara masa yaji.

Waɗanda take yi wa magana su ne waɗanda muka rufe wa ƙofa. Masu ciwon taɓin hankali ne, 'ya'yanmu da ƙannenmu, da aka sallamo daga asibiti aka ajiye a ɗakin baya don kada baƙo ya gani. Saboda su kuke ce mata uwar mahaukata. Na ji da kunnena a gidan suna, daga bakin matan da suke cin fanken da ta soya. Ni ba mai iya magana a cikin taro ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta, kuma ina rubutawa raina a ɓace.

'Yar Garwa ce ta Kamaru. Ta yi shekaru da yawa tana shara da wankin zannuwan gado a asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na nan garin. Ba a ɗauke ta tafinta ba, amma duk ranar da aka kawo namu wanda ba ya jin Faransanci, ita ake kira ta jingine tsintsiya ta zo. Da ƙarfinta ya ragu ta bar aikin ta kama suya. Aikin ne kawai ta bari, mutanen ba ta bar su ba.

Yayana Uwaisu direban taksi ne kafin ciwo. Iyayenmu sun rasu, muna zaune a unguwar Plaine Orety a gidan Kawu Aliou, ƙanen mahaifiyarmu. Yaya ya fara da cewa rediyon mota yana kiran sunansa, daga baya ya ce fasinjoji 'yan leƙen asiri ne. Aka kai shi asibiti, aka sa shi kan allura, kuma Allah ya saka wa likitocin da alheri, muryoyin suka yi shiru. Muka ɗauka an gama. Ashe akwai rabin ciwon da yake saura bayan an yi shiru. Yaya ya kwanta. Ba kuka, ba faɗa, ba komai. Zai ga ruwa a gabansa, ya san yana jin ƙishi, amma abin nan da yake tayar da mutum ya miƙa hannu ya ɗauki kofi ya mutu a cikinsa. Likita ya ce daga ciwon ne, ba hali ba ne. Unguwa ta ce lalaci ne.

Kowa ya shigo da maganarsa ɗaya: tashi. Tashi ka yi wanka, tashi ka nemi na kanka, tashi kai namiji ne. Kawu ya faɗa da lallashi, ya faɗa da tsawa. Likita ya sa masa wani shiri a waya mai tambayoyi da hotunan fuska, don ya riƙa tsara abin da zai yi kowace rana. Abu ne mai kyau ga wanda ya iya, amma da Faransanci yake a rubuce, Yaya kuma na bakin titi ya iya. Wata ma'aikaciyar asibitin ce ta ce mana, ku nemi Hadidja.

A lokacin Kawu ya fara maganar gida. Kun san al'adarmu a nan: wanda ciwo ya gagara, a haɗa hannu a mayar da shi ƙasarsu, mu ce mun yi taimako. Gida a wurinmu ƙauye ne a bayan Tawa, inda babu allurar Yaya, sai wani mutum da yake ɗaure irinsu da mari a gindin itace. Wanda aka mayar kafin Yaya, ba mu sake jin labarinsa ba sai na rasuwa. Kawu ba mugu ba ne, ya gaji ne. Ya ce in Uwaisu bai tashi ba, za a kai shi.

Saƙon Inna na farko ni na kunna masa. Da ya ji murya daga waya sai ya toshe kunne, domin mutumin da muryoyi suka wahalar ba ya yarda da muryar da bai ga mai ita ba. Ita ta san haka. Ga abin da ta ce:

“Uwaisu, sunana Hadidja, tsohuwa ce mai fanke. Kada ka yarda da ni tukuna. Miƙa wa na kusa da kai wayar nan. In shi ma ya ji ni, to mutum ce. In ka so ka sake kunnawa, abin da na faɗa shi za ka sake ji, ba zan canja ba.”

Ya dube ni. “Ummu, kin ji?”

“Na ji, Yaya.”

“Me ta ce?”

Na maimaita masa. Ya sake kunnawa, ya sake, sannan ya juya bango. Amma wayar tana hannunsa.

Inna, ke ce kaɗai ba ki taɓa ce masa tashi ba. Ba ki yi masa wa'azi ba, ba ki ba shi labarin wane da ya warke ya sayi mota ba. Roƙonsa kika yi. Kika ce kina suya a fili, in ruwan sama ya faɗa cikin mai mai zafi yana fallatsa miki a hannu, kuma kin lura hadari yakan haɗu ta wajen unguwarmu kafin ya iso kasuwa. Kika ce, “Ɗana, ni idona yana kan kasko. In ka ga hadari ka faɗa mini in rufe ƙullu.”

Ya daɗe bai amsa ba. Ita kuma kowace safiya sai ta tambaya, ba ƙorafi, ba gori. Wata rana na shigo da koko na tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, ya ɗaga kai sama, ido a ƙanƙance kamar wanda ya fito daga rijiya. Ya danna waya ya ce, “Akwai.” Kalma ɗaya, da muryar nan mai nauyi da magani ya bar masa. Na koma bayan ɗaki na yi kukana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da ya yi mata ƙarya. Jikin ya yi nauyi, bai tashi ba, daga kwance ya ce babu. Kafin hantsi aka tsuge da ruwa irin na garin nan. Saƙonta ya shigo, ana jin ruwa yana dukan tukunya:

“Uwaisu! Kai Uwaisu! Ka cuce ni yau. Ƙullu ya zama kunu, gawayi ya mutu, ni kuma na zama jiƙaƙƙiyar kaza. In ba ka duba ba ka ce ban duba ba, ba za a kashe ka ba. Amma kada ka ƙara ce mini babu kana kwance. Ni da kai ba mu yi haka ba.”

Na tsorata, na ce za ta ɓata komai. Sai na ga bakin Yaya ya motsa, dariya ce take neman hanya. Tun da ya kwanta ana yi masa faɗa a kan shi ba kowa ba ne. Ranar aka yi masa faɗa a kan an dogara da shi ya saki. Washegari tun kafin ta tambaya ya fita tsakar gida.

Ba shi kaɗai ba ne. Ku tambayi mijin Sajida, wadda ciwon ya kama bayan haihuwa, har ta daina ɗaukar jaririyarta. Inna ta ce mata ta manta yadda ake ɗaura goyo irin na mutanen Maraɗi, jikarta kuma za ta zo, a nuna mata a hoto. Ba a nuna goyo ba tare da an goya ba. Kowa akwai abin da take nema a wurinsa, kuma ba na wasa ba, abin da take bukata da gaske. Ranar allurar kowa tana kanta. Ba ta taɓa ce wa mutum ya bar addu'a ba, ba ta taɓa yarda a bar magani ba.

Yaya ya fara wanka da kansa. Ya fara share ƙofar gida. Kawu ya daina maganar tafiya.

Sai Oumarou ya zo. Abokin Yaya ne, mota ɗaya suka tuƙa, ɗaya ya sauka ɗaya ya hau. Tun da Yaya ya kwanta bai leƙo ba sai ranar. Ya zauna, ya yi ta hira, ya karɓi wayar Yaya wai zai sa masa sabuwar lambarsa. Ya tura wa kansa saƙonnin hadari, da yamma ya zuba su a babban gurup na direbobi. Kafin gari ya waye Yaya ya samu suna: Meteyo, mai faɗin yanayi. Motoci suka riƙa rage gudu a ƙofar gidanmu ana danna oda. “Meteyo! Yau akwai ko babu?” Suna kwaikwayon nauyin muryarsa.

Ku da kuka yi, kun san abin da kuka yi? Ciwon Yaya abu ɗaya yake gaya masa tun farko: gari yana sauraronka, ana yi maka dariya. Aka yi wata da watanni ana raba shi da wannan tunani. Kuka tashi da safe ɗaya kuka mayar da ƙaryar ciwo gaskiya. Yaya ya jefa wayar a bokitin ruwa, ya rataya bargo a taga, ya koma gado. Kawu da matarsa suka ce masa babu wanda ya ji komai, ciwonka ne ya motsa. Yana jin oda a waje, ana ce masa babu oda. To wa zai yarda da shi kuma, kunnensa ko danginsa? Kawu ya nemi wani ɗan garinmu da zai bi ta Kamaru ya raka Yaya gida, aka sa ranar Alhamis.

Ban je tashar direbobi ba, Ismaïl mai shayi ne ya ba ni labari. Ya ce Inna ta bar kasko wa maƙwabciya, ta zo tana jan ƙafa, domin gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa. Ta tsaya a gaban motar da take kan layi.

Wani ya ce, “A'a, Inna, yau babu fanke? Ko Meteyo ya ce kada a fito?”

Aka kwashe da dariya. Ba ta dube shi ba. Ta ce, “Ina Oumarou?”

“Ga shi can yana gyara madubi kamar ango.”

“Zo nan, ɗan nan. Uwarka ta sallamo ka Gabon ka nemi abinci, ko ka nemi wanda za ka yi wa dariya?”

“Wallahi Inna wasa ne. Abokina ne fa.”

“Abokinka. Da ya kwanta ka leƙa shi?”

“Kin san aikin nan, ba lokaci.”

“Ka samu lokaci ranar da ka shiga ka fito da muryarsa a aljihu kamar ɓarawon kaza.”

Wani dattijo a cikinsu ya ce, “Hajiya, a yi haƙuri, yara ne.”

Ta juyo. “Ni ba Hajiya ba ce, ban je ba tukuna. Kai kuma Malam, da furfurarka, an nuna mini fuskar dariya mai hawaye da ka sa a ƙarƙashi. Yaro ne ya riƙe maka yatsa? Gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, maimakon ku shafa wa naku ruwa kuna jin ɗumi. Ciwon nan ba ya duba lasin kafin ya shiga.”

Ismaïl ya ce ba motar da ta yi lodi sai da kowa ya fito da waya ya goge a gaban idonta. Sannan ta ce wa Oumarou ya tayar da mota, gidanmu za su.

Wannan a gabana aka yi. Ta zauna a ƙasa a bakin labulen Yaya, da ƙyar ta lanƙwasa ƙafa.

“Uwaisu, ni ce, da jikina na zo. An ce maka babu wanda ya ji muryarka. Don ana sonka aka faɗa, amma ba gaskiya ba ne. An ji, an yi dariya, kunnenka bai yi ƙarya ba. Sai dai ba rediyo ba ne, ba aljani ba ne, ba wani ne yake zaune a cikin waya ba. Mutum ɗaya ne mai ƙaton kai, ga shi nan tsaye yana ƙirga yatsun ƙafarsa. Kai, buɗe baki.”

Oumarou ya ce, “Ni ne, Uwaisu. Ni na tura. Ka yafe mini.”

Can daga cikin ɗaki Yaya ya ce, da ƙarfin da ban ji ba tun kafin ciwo, “Fitar mini daga gida!”

Kawu ya ce, “Kin gani ko? Kin ƙara tayar masa.”

Ta miƙo mini hannu in ɗaga ta. Ta ce, “Alhaji, fushi ya yi, kuma a inda ya dace ya yi shi. Kai da aka yi maka haka ba za ka kore shi ba?”

Kawu ya ce shi dai Alhamis tana nan.

Yaya ba shi da waya yanzu, kuma Inna ta hana a saya masa. Saƙo ɗaya ta aiko a tawa. Ta ce kada in kai masa ɗaki, in kunna a tsakar gida ina wanke-wanke, in ya so ya ji. Ba ta ambaci tafiya ba. Ta ce ranar Alhamis ce ranar allura, kuma akwai ma'aikaciyar da suka yi aiki tare, duk ranar allura takan kai mata fanke, ga shi gwiwa ta ƙi. In akwai mai zuwa can, ya biyo ta wurinta. Na kunna, bargon taga bai motsa ba.

Safiyar Alhamis Kawu ya fito da jakar da matarsa ta haɗa, ɗan rakiya yana biye. Suka tarar da Yaya zaune a dakali, ya yi wanka, takalmi a ƙafa.

Kawu ya ce, “Ka gani? Da aka ce gida ai ya tashi.”

“Kawu, ba gida za ni ba. Asibiti za ni. An aike ni.”

“Kai? Kai da ko bakin titi ba ka kaiwa?”

“In na kasa, ga jakar nan.”

Ɗan rakiya ya ce shi fa motarsu ba ta jira ta wuce azahar. Kawu ya daɗe yana kallon Yaya. Ya ce, “To. Kai kaɗai. Ummu, zauna. In ya je ya dawo da ƙafarsa, mu yi magana.”

Na zauna. Ban san abin da na yi da hannuwana a wannan rana ba.

Mai kayan miya da ke kusa da Inna ta gaya mini sauran. Ta ce Yaya ya iso ya tsaya a tsallaken titi, domin bencin cike yake da direbobi suna karya kumallo. Ya daɗe a tsaye, ya juya kamar zai koma, ya sake juyowa. Inna ta gan shi tun farko. Ba ta kira shi ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta kafa ido a kasko tana juya fanke har na gefe suka ƙone, ita da ba ta taɓa ƙona ko ɗaya ba. Sannan ya tsallako. Babu wanda ya yi tari a bencin. Ta miƙa masa robar fanken ma'aikaciyar asibitin ta ce, “Ka ce mata na ƙasan sun fi zafi,” kamar jiya suka rabu.

Ana kiran azahar ya shigo, riga ta jiƙe da gumi, auduga manne a dantse. Ya wuce ɗaki ya kwanta har washegari. Kawu ya dubi ɗan rakiya ya ce, “Allah ya kiyaye hanya.” Ni kuma ya ce mini, “Mu gani zuwa bayan Sallah.” Jakar ya bar ta a bakin ƙofar Yaya.

Inna, ke ce kika ga mutum a inda muke ganin kaya. Garwa ta haife ki, Libreville ta ci moriyarki ba ta ce madalla ba. A taron ƙungiyar mutanenmu mazauna nan da ya wuce an kira manyan 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya ana tafa musu, ke kina waje kina soya abin da za su ci. Yanzu 'yarki ta ce za ta zo ta tafi da ke ki huta, kuma kin cancanci hutun. Kin ce waya ba ta san iyaka ba, za ki ci gaba daga can. Na yarda. Amma daga Garwa wa zai tsaya a gaban mota? Wa zai zauna a ƙasa a bakin labule?

Ku nake tambaya, masu karatu. Kowannenku ya san wani ɗakin baya. Waya tana hannunku dare da rana, kuna tura hoton abinci da muryar bayin Allah. Ba a ce ku zama likita ba. Ku ɗauki mutum ɗaya, ku kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, ku nemi wani abu a wurinsa, ku jure shirunsa, kada ku yi masa ƙarya. In ba za ku iya ba, to ku riƙe yatsunku, shi ma taimako ne. Kafin kuma ku haɗa hannu ku mayar da wani gida, ku tambayi abin da yake jiransa a can.

Na gode, Inna Hadidja. Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya kai ki ɗakinsa a kira ki Hajiya ki amsa, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Yayana bai warke ba, kada wani ya ce na faɗi haka. Ba kullum yake tashi ba. Jiya bai tashi ba. Yau ya tashi, ya zo fita ya yi tuntuɓe, ya ce in gaya wa Kawu ya zo ya ɗauke jakar nan, tana tare masa hanya.